Muhawara: Yaya aka yi tebur guda ya fi kayan ɗakin amarya tsada?

Oga Kafinta:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu ilimin zane da tarihi. Wani ne ya turo mini hoton santa tebul, wai in buga masa irinsa. Gilashi ne mai kauri a sama, shi ba zagaye ba, shi ba mai kusurwa uku sosai ba. A ƙasa katako biyu masu lanƙwasa, ɗaya a kwance, ɗaya ya hau kansa a juye. Iyakarsa ke nan. Ba durowa, ba sassaƙa, ba ruwan gwal. Da na duba farashinsa a intanet sai na ga yana neman dala 2,000. Ku buga da canjin yau ku gani. Mu da muke wuni muna shan ƙurar katako, dainin mai kujera 6 ba ya kai mu rabin wannan. To me ake saya a nan, katakon ko sunan mai shi?

Malamar Zane:
Wa alaikumus salam Oga. Daga kwatancen nan na gane shi, teburin Isamu Noguchi ne. An haife shi a Amurka a 1904, uba Bajapane, uwa Ba'amurkiya, kuma asalin sana'arsa sassaƙa ce, ba kafinta ba ne. Kamfanin Herman Miller ya fara fitar da teburin a 1947, har gobe kuma ana yin sa. Sake duban hoton da kyau. Katakan nan biyu siffarsu ɗaya ce sak, juya ɗaya aka yi aka ɗora a kan ɗan'uwansa da ɗan ƙarfe a tsakani. Gilashin kuma kaurinsa ya kai milimita 19, a wuri uku kawai ya taɓa katakon, ba a ɗaure shi da komai ba, nauyinsa ne ke riƙe da shi. Wato abu uku ne suka tashi tebur, in ka cire ɗaya komai ya zube. Wannan tunanin ake biya. Sunan ma ana biya, ba zan ɓoye maka ba.

Oga Kafinta:
Malama, wuri uku kuma ai ba sabon abu ba ne. Duk kafintan da ya san aikinsa ya san mai ƙafa uku ba ya rawa ko da ƙasa ba daidai take ba, kamar duwatsun murhu. Mai ƙafa huɗu ne ke sa a riƙa cusa kwali a ƙarƙashi.

Baba Tsohon Malami:
Oga, ka faɗi abin da Girkawa suka sani shekara 2,500 da suka wuce. Teburinsu na cin abinci ƙafa uku gare shi, gajere ne, marar nauyi. Su a kishingiɗe suke ci a kan wani irin gado, kowa da ɗan teburinsa a gabansa, in an gama a tura shi ƙarƙashin gadon ko bara ya ɗauke shi da kwanukan gaba ɗaya. Babu wani tebur da aka kafa a tsakar ɗaki ya zauna dindindin.

Amma kafin su akwai Misirawa, kuma nasu ne ya fi burge ni. A kaburburansu ana samun faifan dutse da ake zuba wa mamaci sadakar abinci a kai. Da yawa daga cikinsu siffar tabarma aka sassaƙa su, da curin burodi a kai. Masassaƙin ya samu dutse, amma abin da ya zo masa a rai game da wurin ajiye abinci tabarma ce. A zanen bango kuma za ka ga mamacin zaune gaban ɗan tebur mai ƙafa ɗaya, an jera masa yankan burodi a tsaye. Aikin teburinsu ke nan, ya ɗaga abu daga ƙasa. Marubucinsu kuwa, duk da darajarsa, a ƙasa yake zama ya tanƙwashe ƙafa, ya shimfiɗa takardarsa a cinya. Wanda ya yi makarantar allo ba sai an kwatanta masa wannan zaman ba.

Ɗan Boko:
Baba, da girmanka, amma ni a ganina magana ɗaya ce. Tebur alamar ci gaba ce. Duk al'ummar da ta tashi daga ƙasa ta hau kujera da tebur ita ce ta yi rubutu, ta yi kimiyya, ta yi ofis. Mu da muka tsaya a tabarma ga inda muke. Ko ta fuskar tsafta ma ai ba a haɗa cin abinci a tebur da ci a ƙasa.

Ustaz:
Ɗan Boko, ja birki kaɗan. Akwai hadisin Anas ɗan Malik a Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa cin abinci a kan tebur mai ƙafa ba, da aka tambayi mai ruwayar a kan me suke ci sai ya ce a kan shimfiɗa. Malamai ba su ce cin abinci a tebur haramun ne ba, sun ɗauki abin a matsayin tawali'u. Amma ka ce wanda ke ci a ƙasa bai waye ba, wannan ka yi nisa. Malaman Bagadaza da Ƙurɗuba da Timbuktu da suka cika duniya da littattafai, a zaune a ƙasa suka rubuta su.

Ɗan Boko:
Allah ya gafarta Malam, ni ban kawo maganar addini ba. Tarihi nake nufi.

Baba Tsohon Malami:
To mu tsaya a tarihin, yaro na. Ɗauki Sin da Japan. Sinawa da can a tabarma suke zama da gajerun tebura. Sannu a hankali kujera ta shigo musu ta hanyar baƙi da fatake, zuwa zamanin daular Song, wato 960 zuwa 1279, dogon tebur da kujera sun zama ruwan dare. Japan ta ari rubutu da addini da tsarin gini daga Sin, amma ba ta ari wannan ba, ta ci gaba da zamanta a ƙasa. A ƙasan ta ci Rasha da yaƙi a 1905. Kuma su Sinawan ma takarda sun ƙirƙire ta tun suna kan tabarma. Saboda haka lissafinka bai fita ba.

Abin da ya fi dacewa a tambaya shi ne, me tebur ke canzawa tsakanin mutane? A Japan ɗin, da can kowa da ɗan tirensa mai ƙafa, ana zama bisa girma, maigida a sama, sauran a biye. Daga ƙarshen ƙarni na 19 sai wani gajeren tebur ya yaɗu, suna kiransa chabudai, tsayinsa bai fi santimita 30 ba, ƙafafunsa na naɗewa. Uba da uwa da yara suka koma kewaye abu ɗaya. In dare ya yi a naɗe shi a jingine, a shimfiɗa katifa a wurin. Ba su tashi daga ƙasa ba, amma zaman gidan ya canza.

Hajiya Mai Kayan Ɗaki:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wannan na naɗewar shi ya kamata a ce muna da shi, wallahi. Ni sana'ata ke nan, haɗa wa amare kayan ɗaki. Uba zai ci bashi ya sayi dainin, a kai shi falon da ko juyawa ba a iya yi. Ku koma gidan bayan wata shida. Fulas-fulas ne a kai, da kwalin madara, da cajar waya, wani lokacin har da kayan guga. Mai gidan da amaryar suna ƙasa a kan leda, tire a gabansu, suna cin tuwonsu hankali kwance. Tuwo da miyar kuka a kan dogon tebur ai wahala ce, miya na bin gwiwar hannu. Amma ki ce wa uwar amarya a bar dainin, sai ta ce so kike a yi da ita a dangin miji.

Maman Ihsan:
Hajiya kin tona mana asiri. Nawa tun ranar jere baƙi kawai yake gani, su ma sai na Sallah.

Ɗan Boko:
To kun gani, maza na ta fama, mata na sa a sayi abin da ba a amfani da shi.

Baba Tsohon Malami:
Kai kuwa ka taɓo faɗan da ya girmi kakanninka. A Rum maza ne ke haukan tebur. Akwai wata bishiya a duwatsun Atlas, can Arewacin Afirka, wadda ƙullutun gindinta ke fitar da zane a jikin katako, wani kamar fatar damisa, wani kamar idon jelar ɗawisu. Ana yanko faifai guda daga ƙullutun a ɗora a kan ƙafar hauren giwa. Marubucinsu Pliny ya ce Cicero, shahararren lauya kuma ɗan siyasa, ya sayi guda a kan sestertius 500,000. Sojan Rum a zamanin Augustus 900 yake ɗauka a shekara. Wato tebur guda ya lashe albashin soja sama da 500 na shekara cur. Pliny ɗin ya ƙara da cewa in maza suka yi wa matansu gorin kashe kuɗi a lu'ulu'u, sai matan su ce to ku fa da teburanku? Har yau masassaƙan Essaouira a Maroko da wannan icen suke aiki.

Hajiya Mai Kayan Ɗaki:
Allah ya biya matan Rum! Ɗan Boko, sai ka kawo wata.

Malamar Zane:
Bari in shigo da ɓangaren masu zane, don a wurinsu tebur ba ƙaramar matsala ba ce. In ka zaunar da mutane kewaye da tebur, dole wasu su ba mai kallo baya. Kowane mai zane da dabararsa ta fita daga wannan. Leonardo da Vinci, a zanen jibin ƙarshe, wato cin abinci na ƙarshe na Annabi Isa da almajiransa, da ya yi tsakanin 1495 da 1498 a birnin Milan, sai ya kwashe mutum 13 ɗin duka ya jera su a gefe ɗaya, ya bar gefen da ke fuskantarmu fayau. Ba wanda ke cin abinci haka. Amma a bangon ɗakin cin abincin masu zuhudu na Santa Maria delle Grazie ya yi shi, faɗinsa kusan mita 9, saboda haka gefen da ya bari na waɗanda ke cin abinci a ɗakin ne. Suna ɗaga kai sai su ga kamar teburin bangon ci gaban nasu ne. Teburin ma irin na zamaninsa ya zana, falanki a kan ƙafafu masu cirewa, da farin ƙyalle wanda har sawun ninkinsa ana gani.

Bayan kusan shekara 100 Tintoretto ya zana abu ɗaya a Venis, shi kuma ya karkata teburin ya cusa shi can cikin duhun ɗakin, ya cika gaba da barori da kwanuka har da kyanwa tana leƙa kwando. Labari ɗaya, amma juya teburin kawai ya sa na farko ya zama natsuwa, na biyu hayaniya.

Ustaz:
Malama, a dai lura, mu a wurinmu ba a zana annabawa.

Malamar Zane:
Haka ne Malam, shi ya sa ban saka hoton ba. A kan tsarin teburin na tsaya.

Ɗan Wusasa:
Mu kuwa a gidajenmu na Kirista da wuya ka shiga falon dattijo ba ka ga kwafinsa a bango ba, galibi daidai saman inda ake cin abinci. Malama, akwai abin da ba a gani a kwafin da ake sayarwa. A 1652 masu ɗakin sun fasa ƙofa a bangon, suka cinye tsakiyar zanen ta ƙasa, ƙafafun wanda ke tsakiya da wani ɓangare na ƙyallen teburin suka tafi. A 1943 kuma bam ya rushe yawancin ɗakin, bangon ya tsira saboda buhunan yashi da aka jera masa.

Malamar Zane:
Na gode Yaya. Wani abin da zai ba ku dariya, ku dubi zanukan Holan na ƙarni na 17, musamman na Vermeer. Abin da ke lulluɓe da teburansu kafet ne, irin saƙar Turkiyya da Farisa. Abin da mutanen Gabas suka saƙa don a taka, a zauna, a yi salla, ya isa Turai da tsadar da ba mai iya sa masa ƙafa, sai suka ɗora shi a tebur. Tun kafin nan ma, a 1533, Holbein ya zana jakadu biyu sun dafa wani kanta mai hawa biyu, an shimfiɗa kafet ɗin Anatoliya a sama, an jera kayan duban taurari. Yawan fitowar irin wannan kafet a zanukansa ya sa masana suka laƙaba wa saƙar sunansa, alhali masaƙan Turkawa ne.

Sai Cézanne, Bafaranshe, wanda ya zo ya karya tebur da gangan. Yana da zanen kwandon tuffa na wajajen 1893, yana Chicago yanzu. In ka bi bakin teburin daga hagu, ya shige ƙarƙashin ƙyalle, inda ya fito ta dama bai yi daidai da inda ya shiga ba. Saman teburin kuma ya kifo gaba kamar tuffan za su gangaro.

Oga Kafinta:
In yarona ya yi mini wannan aikin ai ranar sai ya kwana a shago.

Malamar Zane:
Oga, shi abin da yake cewa, ido ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kana duban tebur kana motsa kai, ka ga nan daga sama, ka ga can daga gefe. Sai ya haɗa kallo biyu a zane ɗaya. Daga nan su Picasso suka ɗauka suka yi gaba. Kuma kada ka raina shi, wani zanensa na manoma biyu suna karta a kan ɗan tebur, rahotanni sun ce gidan sarautar Ƙatar ya saye shi wajen dala miliyan 250 a 2011.

Ɗan Damagaram:
Ni duk wannan bai dame ni ba kamar teburin da aka yanka mu a kai. Berlin, 1884. Turawa sun zauna sun sa wuƙa, ni na zama ɗan Nijar, ɗan'uwana na Daura ya zama ɗan Najeriya.

Baba Tsohon Malami:
Ɗan Damagaram, zafinka da hujja, amma a gyara zancen. Taron Berlin ya fara 15 ga Nuwamba 1884, ya ƙare 26 ga Fabrairu 1885, ƙasashe 14, a gidan Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, a kan tebur mai lanƙwasa irin harafin U, da babbar taswirar Afirka a rataye, kuma babu Ba'afirke ko ɗaya a kujerun. Wannan duk gaskiya ne. Sai dai ba a can aka ja layin da ya raba ka da Daura ba. A can ƙa'idojin wawaso aka shimfiɗa. Layinku Ingila da Faransa ne suka fara ja a 1890, daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906.

Ɗan Damagaram:
To Baba, tebur huɗu ke nan maimakon ɗaya. Ba a dai kira mu ko guda ba.

Ɗan Jarida:
Tunda an shigo siyasa, ga wanda ya fi ba ni mamaki. A ƙarshen 1968 aka shirya zaman sulhun yaƙin Biyetnam a Paris. Kusan mako 10 aka kwashe ba a fara ba, ana gardamar siffar tebur, can kuma ana ta mutuwa. Biyetnam ta Arewa na son tsarin da zai nuna ɓangare huɗu ne daidai wa daida, wato ita da Amurka da gwamnatin Kudu da 'yan tawayen Kudu, don 'yan tawayen Kudu su samu matsayin gwamnati. Gwamnatin Kudu ta ce ina, ɓangare biyu ne, a yi dogayen tebura biyu suna fuskantar juna. Sai a Janairun 1969 aka daidaita a kan babban tebur zagayayye, da ƙananan tebura biyu masu kusurwa huɗu a gefe da gefe, ba tuta, ba allon suna. Mai son ya ce ɓangare biyu ne sai ya nuna ƙananan teburan a matsayin iyaka, mai son ya ce huɗu ne sai ya nuna da'irar. Mutane sun yi ta dariya, amma su jakadun sun san inda ka zauna shi ne matsayinka.

Na kusa-kusa kuma kun tuna Putin da Macron a Fabrairun 2022, farin tebur mai tsawon kusan mita 6, kowa a ƙarshensa. An ce saboda korona ne. Duniya dai ta karanta abin da ta karanta.

Baba Tsohon Malami:
Zagayayyen ma ba ya hana mai mulki nuna kansa. A Winchester ta Ingila akwai wani rataye a bango, faɗinsa mita 5.5, nauyinsa kilo 1,200. An daɗe ana cewa na Sarki Arthur ne na tatsuniya, wanda ya zaunar da jarumansa a da'ira don kada wani ya fi wani. Da aka auna shekarun katakon sai aka ga na ƙarni na 13 ne. A zamanin Henry na 8 aka yi masa fenti, aka rubuta sunayen jarumai 24 a kewaye, aka sa furen gidan sarautarsa a tsakiya, aka kuma zana sarki zaune a sama. Teburin da aka yi don a rasa shugaba, sai da aka yi masa kai.

Ɗan Boko:
To ai kun dawo kan maganata. Duk manyan abubuwan duniya a tebur aka yanke su.

Ɗan Jarida:
A'a, abin da muka ce tebur na rarraba matsayi. Fadar sarki ma na yi ba tare da shi ba: wa ke kan karaga, wa ke kan buzu, wa ke dama, wa ke bakin ƙofa. Mu tebur ta ofis da kotu da aji da kanti ya shigo mana, shi ya sa har yau ɗabi'arsa a wurinmu ta shinge ce, mai iko a baya, mai buƙata a gaba a tsaye. Inda muka mayar da shi namu na gaske wuri biyu ne. Mai tebur na bakin titi, wanda jarinsa kaf, daga ashana zuwa alawa, ke kan falanki ɗaya. Sai teburin mai shayi, dogo, benci a kewaye, gwangwanayen madara an gina su bene-bene, burodi a jere, mai shayin a tsakiya. A nan direba da malamin makaranta da ɗan dako ke zama kafaɗa da kafaɗa, a tsige minista a naɗa wani kafin ƙwai ya soyu.

Malamar Zane:
Wannan jeren gwangwanayen kuwa tsari ne na gaske, akwai wanda ya zauna ya yi tunaninsa. Oga, in dawo kan tambayarka. Shahararrun teburan ƙarni na 20 kowanne wata damuwa ya zo warwarewa. Eileen Gray, 'yar Ayalan, ta yi nata a 1927 da bututun ƙarfe da gilashi. Gindinsa da'ira ce da ba ta rufe ba, ƙafarsa a gefe take, saboda haka gindin na shigewa ƙarƙashin gado, saman ya zo daidai cinyarka, kuma ana ɗaga shi a sauke. Eero Saarinen shi kuma tarin ƙafafu ne ya dame shi. Lissafa dainin ɗinka, tebur 4, kujeru 24, ƙafa 28 ke nan ban da na mutane. Sai ya yi tebur mai ƙafa ɗaya a tsakiya, mai buɗewa a ƙasa, kamfanin Knoll ya fitar da shi a shekarun 1950. Na IKEA kuwa, kamfanin kayan ɗaki na ƙasar Suwidin, labarin da kamfanin ke bayarwa shi ne a 1956 wani ma'aikacinsu ya kasa cusa tebur a mota, sai ya cire ƙafafun, daga nan aka fara sayar da kaya a kwali mutum ya haɗa da kansa. Ba wanda ya fara da tambayar yaya zan yi ya yi kyau. Sun fara da kallon yadda mutane ke zama.

Oga Kafinta:
Na ji wannan. Amma ni a sana'ance, wanda nake cire wa hula kafintan Sin ne na zamanin Ming. Na ga bidiyon yadda ake warware teburinsu. Babu ƙusa ko ɗaya. A fafe rami a wannan, a fiƙe bakin wancan ya shige, wani haɗin katako uku ne ke cin juna a kusurwa ɗaya, daga waje kuma layi kawai kake gani. Saman teburin ba a manne shi ba, an zura shi cikin firam ya samu wurin motsi. Wannan shi ne ilimin, don katako na numfashi. Da damina ya kumbura, da hunturu ya tsuke. Ka yi tebur da ɗanyen katako a watan Agusta ka danne shi da ƙusa da gam, zuwa Janairu za ka ji shi yana fashewa da dare kamar an harba bindiga. Mu nan mai saye ba ya jira katako ya bushe, biki saura mako biyu. Sai a ɗauko filawud a lulluɓe da fomeka a fesa masa ƙyalli. Madaci busasshe yanzu sai ka sha yawo, in ka samu kuma kuɗinsa ya kori mai aikin.

Baba Tsohon Malami:
Kuma ba sai an je Sin ba. Kujerun Nufawa na Bida, daga gungume ɗaya ake fafe su, wata ƙafa 8, wata 10, saman an zane shi da wuƙa. Gidajen tarihi na Turai da Amurka na ajiye da su. Habasha na da mesob, saƙaƙƙen kwando mai tsayi da murfi, a ɗora gurasarsu injera a kai a kewaye shi. Turkawa da mutanen Maroko na da faffaɗan tiren tagulla da ake ɗorawa a kan ƙafafu masu naɗewa. Mu muna da faifai da akushi da 'yar tsugunno. Duk waɗannan amsa ce ga tambaya ɗaya, ina za a ajiye abinci a kewaye shi.

Ɗan Boko:
Baba, ni dai gwiwata ba ta son ƙasa, kuma kwamfuta ba ta zama a faifai.

Maman Ihsan:
Wannan kam gaskiyarka. Surukata ma tun da ciwon gwiwa ya kama ta a kujera take ci, sai an jawo mata stul. Kowa da abin da jikinsa ke so.

Hajiya Mai Kayan Ɗaki:
Oga Kafinta, mu yi maganar kasuwa tun zaure bai watse ba. Ina da amarya wata mai zuwa, falonta ƙarami ne, kuma uwarta mai jin magana ce. Ka yi mini zagayayye, gajere, wanda mutum 5 za su kewaye a ƙasa, babban tire ya zauna a kai, in an gama a naɗe a sa bayan kujera. A yi masa ɗan baki a kewaye saboda miya. In ya karɓu zan riƙa sa shi a lissafin kaya.

Oga Kafinta:
Hajiya, faɗin mita 1 zai ishi mutum 5. Tsayi kuma kada ya wuce santimita 30, in ya wuce kafaɗa za ta gaji, in ya gaza gwiwa ba za ta shige ba. Matsalar ƙarfen naɗewar ce, na kasuwa wata uku ya saki, sai dai in yi masa sakata ta katako. Ina da ragowar madaci da ya shekara a shago, zai isa guda ɗaya.

Hajiya Mai Kayan Ɗaki:
Nawa?

Oga Kafinta:
Ba a faɗin farashi a gaban Ɗan Boko, yanzu sai ya ce a auna da dala. Ki turo yaro gobe bayan Azahar ya ga katakon, ya taho da kafin alƙalami.